Jiragen Gwangwani na Malam Isiyaku

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Isiyaku, tsohon malamin gona a Gwaram. Duk shekara idan watan da ya rasu ya kewayo nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Abin da ke raina ba irin wanda ake faɗa a zaman makoki ba ne, inda za a ce mutumin kirki ne, a shafa addu'a, kowa ya nemi takalminsa. Bana dai na ƙudura sai na rubuta.

Mu 'yan Farin Dutse ne. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma shi ya kai ni makaranta da hannunsa a lokacin da ba kowane gida ke kai 'ya mace ba. Aure da aikin koyarwa suka dawo da ni Birnin Kudu, inda nakan kuma taɓa rubutu a jarida, shi kuma ya yi gida a Gwaram tare da matarsa, Hajiya Hajara.

Son jiragen sama ya kama shi tun yana saurayi, sa'ad da aka tura shi aiki fadamun Haɗeja. A shekarun tsuntsayen jan-baki kan cinye gero da shinkafa, sai gwamnati ta kawo ƙaramin jirgin feshi mai farfela ɗaya. Aikin Yaya shi ne ya tsaya a bakin fadama da tuta yana nuna wa matuƙin inda zai bi. Wata rana bayan an tashi aiki matuƙin ya ɗauke shi suka zaga sau ɗaya. Yakan ba mu labarin yana dariya, cewa ya yi amai a cikin hularsa amma bai yarda ya rufe ido ba. Ya ga kogi kamar zaren da aka yar a tsakar gida, ya ga shanu kamar an watsa wake. Bai sake shiga jirgi ba har ya koma ga Allah, amma zagayen nan bai taɓa sakinsa ba.

Sababbin jirage ba su dame shi ba. Tsofaffi yake so, masu farfela, waɗanda ake jin gurnaninsu tun kafin a gan su. Ya taɓa zuwa Kaduna kallon wasan jiragen sama, ya dawo murya a dishe saboda ihu, mutumin da ko a gida ba a jin ɗaga muryarsa. Yana da faifan bidiyo na irin wasannin da ake yi a ƙasashen waje, inda jiragen da suka girmi iyayenmu ke tashi har yau, da na gidajen tarihin da ake ajiye su ana goge su kamar motar ango. Idan ya gama kallo sai ya girgiza kai ya ce su suna ajiye tsofaffinsu, mu kuwa muna sayar wa 'yan gwangwan.

A shagon da ke jikin zauren gidansa ya fara ƙera nasa. Da sillen kara ya fara, daga baya ya koma gwangwanin madara da na tumatir, yana yanka da almakashi, yana liƙewa da dalma, yana shafa fenti. Yakan cire ɗan injin da ke juya kaset a cikin matacciyar rediyo, ya ɗaura masa farfela, ya haɗa da waya da batir, sai ka ga tana juyawa. Ya rataye su da zare a jikin azara. Ranar Alhamis da Juma'a, da babu makarantar allo, shagon kan cika da yaran unguwa, yana gaya musu wannan na ɗaukar wasiƙu ne, wancan na alhazan farko ne. Burinsa idan ya yi ritaya ya mai da shagon ɗan gidan tarihi da makarantu za su riƙa kawo ɗalibai. A gari ana ce masa Malam Mai Jirgi, rabi tsokana rabi ƙauna.

Ritayar tasa ta faɗo a mummunan lokaci, shekarun da ake ta tashin bama-bamai a biranen Arewa. Wanda ya bi babban titin da ya ratsa Birnin Kudu a lokacin ba zai manta ba: shingen bincike a kowace kwana, buhunan yashi, masu babur suna sauka suna turawa, fasinja kowa ya yi shiru ya ɗora hannu a cinya. A cikin wannan hali ne wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya gaya wa Yaya cewa an sayar da matattun jiragen da ke kwance cikin ciyawa a gefen wani babban filin jirgi, za a yanka su. Ba zan ambaci filin ba, ba kuma zan ambaci garin ba. A cikin jiragen akwai irin wanda ya kai mahaifinmu Makka.

Yaya ya biyo ta gidana da safe zai shiga mota. Na ga kyamara a jakarsa da madubin hangen nesa.

"Yaya, a wannan zamanin za ka je bakin filin jirgi da kyamara?"

"Sa'adatu, daga bakin titi zan tsaya, ta bayan wayar shinge. Wa zai kula da tsoho?"

"Ka bari abubuwa su lafa mana."

"Kafin su lafa an mai da su tukwane."

Ya sha kunu ya tafi, ya ce zai biyo da yamma ya karɓi saƙon Hajiya.

Bai biyo ba. Wayarsa a kashe. Washegari Hajiya ta kira ni, ba ta ma iya gaisuwa ba, sai ta ce, "Malam yana wajenki?" Maigidana ya bar kasuwarsa ya bi sawu. Ya shiga asibitoci, ya shiga ofisoshin jami'an tsaro, har ɗakin ajiye gawa ya leƙa. Ko'ina amsa ɗaya ce, ba su san da shi ba. A wani wurin ma wani ya ja shi gefe ya ce masa in yana son kansa da lafiya ya rage yawan tambaya. Na tattara na koma Gwaram wajen Hajiya. Ba ma iya faɗa wa maƙwabta gaskiyar abin da muke tsoro, sai muka ce ya je ganin likita. Ana sauke abinci ana ɗaukewa yadda yake. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai mu kalli juna.

Da hantsi jami'an tsaro suka zo, bayan fiye da mako. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji ƙarar motoci da gudu, da ƙarar takalma, sai ihun "Kowa ya fito!" Aka fitar da mu, aka fitar da mutanen gidajen da ke kusa, aka zaunar da mu mata a gindin katangar maƙwabci. Maza da samari aka kora su can bakin layi, inda suka yi cincirindo suna leƙe. Sannan aka sauko da Yaya daga bayan mota. Rigar da ya tafi da ita ce a jikinsa, ba takalmi, ba hula, hannuwansa cikin ankwa. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin kansa a buɗe a waje ba. Bai kalli inda muke ba ko sau ɗaya.

Hajiya ta miƙa makullin shagon, ba wanda ya karɓa. Da ƙafa aka ɓalle ƙofar. Wanda ya fara shiga ya fito da baya-baya yana ihu, "Waya! Batir! Kowa ya ja baya!" Nan take aka ɗana bindigogi, mata suka fara salati, wata tsohuwa ta kife a ƙasa.

Na san abin da ya gani. Teburin Yaya kullum cike yake da gwangwanaye da aka huda, da guntayen waya ja da baƙa, da batura, da dalma. A shekarun nan kuwa da irin waɗannan gwangwanayen ake haɗa abin da ke kashe mutane a kasuwa da tasha. Shi ya sa har yau ban iya ɗora wa mutanen nan laifi duka ba. Wanda ke tsaye kusa da mu bai fi sa'an ɗan farina ba, kuma ina kallon yatsansa yana rawa a kan kunamar bindiga. Tsoronsa bai gaza namu ba, bambancin kawai shi da bindiga a hannu.

Babbansu ya sa aka matso da Yaya.

"Mene ne waɗannan?"

"Jirage ne, ranka ya daɗe. Na wasa."

"Wayar da batir fa?"

"Farfela suke juyawa."

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya sa aka kwance ankwar, ya ce ya shiga ya ɗauko guda ɗaya da hannunsa, ya kai tsakiyar filin ƙofar gida. Su kuma suka koma bayan motocinsu, bakin bindigogi duka a kansa.

"Haɗa mu gani. Ka yi wani motsi daban, kai ka sani."

Yaya ya tsuguna shi kaɗai a cikin rana, da wani koren jirgi mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya. Yatsunsa sun kumbura saboda ankwa, wayar sai suɓuce masa take. Ya haɗa, shiru. Ya sake haɗawa, shiru. Baturan sun daɗe a ajiye, bakin wayar ya yi tsatsa. Sai ya yi abin da ya saba yi kullum ba tare da tunani ba, ya ɗaga wayar zuwa bakinsa don ya kankare ta da haƙori. Aka daka masa tsawa daga ko'ina. Na rufe ido, na jira ƙarar. Farcen Hajiya ya shige damtsena, tabon yana nan har yau.

Da na buɗe ido yana nan a tsugune, hannu ɗaya a sama. A hankali ya ce, "Tsatsa ce, ranka ya daɗe." Babban ya ɗaga masa kai. Ya kankare wayar, ya taɓa ta a jikin batir. Farfelar ta motsa, ta tsaya, sannan ta kama juyawa da 'yar ƙara irin ta zirnaƙo. A duk layin nan ba a jin komai sai ita.

Ba wanda ya yi dariya. Ni na ɗauka shi ke nan, za su ba shi haƙuri su tafi. Sai na ga an mayar masa da ankwa. Aka zuba faifansa da wasu jiragen a buhu, aka tura shi mota, suka tayar da ƙura. Jirgin nan kore yana nan a tsakiyar fili yana juyawa har batirin ya mutu, ba wanda ya yi ƙarfin halin zuwa kusa da shi.

Sai da dagaci da limamin unguwa da tsohon shugabansa na ofishin gona suka yi ta zarya, suka tsaya masa, sannan aka sake shi. A motar haya ya dawo, da la'asar, ya sauka a tasha ya biyo ta bayan gari. Kama shi an yi a gaban kowa da motoci da bindigogi. Sakinsa kuwa ba wanda ya gani sai mu. Ba a ba shi wata shaida ba, ba a dawo masa da kyamara ba. Bai taɓa gaya mana abin da ya gani a inda aka tsare shi ba, mu ma ba mu matsa ba. Tambaya ɗaya ya yi wa maigidana bayan ya yi wanka ya ci abinci, ko an yanka jiragen. Aka ce masa an yanka. Ya ce, "To."

Abin da ya biyo baya ya fi tsarewar ciwo. Alhamis ta zo, ba yaro ko ɗaya. Iyaye sun hana, kuma ba zan ce ban fahimce su ba. A masallaci sahu ya riƙa yin ɗan giɓi a gefensa. Gaisuwar da a da ake tsayawa a yi ta har da tambayar gona ta koma ɗaga hannu daga nesa. Mun ji cewa ranar binciken wani a unguwar ya gaya wa jami'an ai kullum yana ƙule a ɗaki da wayoyi. Na so in san ko wane ne, Yaya ya hana ni. Ya ce wanda ya faɗa bai yi ƙarya ba, kuma in muka san shi da wane ido za mu riƙa kallonsa a wajen suna da jana'iza. Ya gyara ƙofar shagon da kansa, ya rataye abin da ya rage, ya sa kwaɗo, ya ba Hajiya makullin.

Da kaka ta zo na bi su gona cirar gyaɗa. Muna cikin aiki wani jirgi ya ratsa ta can sama, kowa ya miƙe yana kare ido da hannu. Na juya wajen Yaya don in ji ya faɗi irinsa kamar yadda ya saba. Yana duƙe yana kakkaɓe ƙasa daga jikin gyaɗa. Bai ɗago ba har ƙarar ta ɓace. A ranar na san ba duka aka sako mana shi ba. Ya ƙara shekara uku, hawan jini ya kai shi ga shanyewar ɓarin jiki, ya cika a asibiti nan Birnin Kudu, ina riƙe da ƙafarsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kwanakin baya a wani biki a Maruta na ga saurayi yana tuƙa ɗan jirgi maras matuƙi a kan taron mata yana ɗaukar hoto, ba wanda ya ko ɗaga gira. Ɗalibaina suna kallon wasan jiragen kowace ƙasa a wayar iyayensu, abin da shi sai ya yi tafiya ya yi cigiya kafin ya samu faifai ɗaya. Ina jin da ya zauna kusa da saurayin nan ya yi ta tambaya har a tashi biki. Amma kuma da ya ji labaran da ke zuwa daga wasu jihohi, inda ƙarar jirgi ke sa mutanen ƙauye su kwashi 'ya'yansu su shige daji. Mu da muna yara, da gudu muke fitowa muna ɗaga masa hannu. Ban san wanne daga cikin biyun zai fi tsaya masa a rai ba. Abin da na sani, shingayen sun ragu a titi, amma zargin da aka dasa a shekarun nan bai tafi tare da buhunan yashin ba.

Bana na tabbatar da haka. Rukayya, autar Yaya, ta gama karatun aikin jinya, wani yaron kirki daga Kangire ya fito neman aurenta. Magana ta yi nisa, danginsa suka shiga bincike kamar yadda aka saba. Sai muka ji shiru. Mako ya bi mako, yaron ya rage kira, Rukayya ta rame tana cewa zazzaɓi ne. Ni da Hajiya mun san ko mene ne, amma ba wadda ta furta.

Ran nan ina Gwaram sai ga baffan yaron, Alhaji Garba, dattijo mai sayar da hatsi, ya zo da kansa. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, muka zauna daga bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, ban zo da ɓoye-ɓoye ba. An gaya mana marigayi ya taɓa shiga hannun hukuma a kan maganar masu tayar da bam. Wasu a cikinmu sun ce a janye. Ni na ce sai na ji daga bakin masu gida."

Ina jin numfashin Rukayya a bayan labule. Fuskar Hajiya ta canza, na ɗauka za ta ce ya tashi ya ba ta wuri, kuma da ta faɗa ba zan ga laifinta ba. Sai ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da makulli. Kwaɗon ya ci tsatsa ya ƙi buɗuwa, sai da na ɗauko taɓarya muka fasa shi.

Tun ranar da Yaya ya rufe shagon ba a buɗe ba. Gara ta cinye jiragen kara duka, sai zare ke reto. Na gwangwanin suna nan a rataye, fenti ya ɓaɓɓare, yanar gizo ta haɗa fiffike da fiffike. Hajiya ta ce, "Ga abin da aka kama shi a kai. Shiga ka gani, Alhaji." Ta ba shi labarin tun daga jirgin feshi har zuwa ranar da ya tsuguna a fili. Dattijon ya daɗe a tsaye yana kallon sama. Ya taɓa wata farfela da yatsa.

"Shi ya ƙera duk wannan?"

"Da hannunsa."

Ya fito ya sa takalmi, ya ce, "A gafarce mu, Hajiya." Ba a yi mako biyu ba suka dawo da goro aka sa rana. Bayan babbar salla za a ɗaura, in Allah Ya kai mu.

Da ya tafi Hajiya ta zauna a dokin ƙofa ta yi kukan da ban ga ta yi ba ko ranar rasuwa. Da ta share ido ta ce mini, "Wannan ya zo ya tambaya. Waɗanda ba sa zuwa fa? Ke da kike rubutu a jarida."

To ga shi na rubuta. Idan na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa a ido. Gidan tarihin bai tabbata ba. Hotunan da ya je ɗauka ba wanda ya taɓa ganinsu, jiragen da ya je gani sun daɗe da narkewa. Akwai manoman da har yau suke shuka irin da ya koya musu, akwai 'ya'yan da ya tarbiyyantar, akwai ni da ya kai makaranta har na iya haɗa waɗannan kalmomi. Akwai kuma tabon da bai jawo wa kansa ba, wanda ya kusa bin 'yarsa har ɗakin aure. Saboda haka ina faɗa wa duk wanda ya tsaya a bakin layi a safiyar nan, da wanda aka ba labari: Malam Isiyaku bai taɓa nufin kowa da sharri ba. Tsofaffin jirage yake so, ya je ya yi musu kallon ƙarshe. Allah Ya jiƙansa, Ya sa wahalar da ya sha ta zame masa kaffara, Ya yafe wa waɗanda tsoro ya sa suka juya masa baya.

Kwaɗon da muka fasa, Hajiya ba ta sayi wani ba. Ta share shagon, ta goge jiragen ɗaya bayan ɗaya da tsumma da man gyaɗa. Yanzu da yamma takan shimfiɗa tabarma a zaure tana ɓarar gyaɗa, tana gaisawa da masu wucewa. Har ranar da na baro Gwaram ba wanda ya shigo. Ƙofar dai a buɗe take.